Hoton Gwaggo Gambo

Duk dangin Radiyya sun san abu biyu a kanta. Na farko, idan ka damƙa mata makullin gidanka ka yi tafiya, ko tsinken sakace ba za ka dawo ka rasa ba. Na biyu, idan ka yi sakaci ka tsaya a gabanta kana susar ƙeya ko kana lasar miya a yatsa, to ka riga ka shiga wayarta. Na farkon suna yaba mata har da sa albarka. Na biyun kuwa haƙuri kawai suke yi da ita, irin haƙurin da ake yi da mai minshari.

Ba ita ta zaɓi wannan rayuwa ba. Da mijinta ya rasu a Makarfi, gidan da suke ciki na haya ne, tana fita takaba mai gidan ya ce yana da buƙatar wurinsa. 'Yarta tilo, Jannat, tana aure a Kano a ciki da falo, Radiyya kuwa ba ta cikin matan da za su kwashi tsummokaransu su tare wa suruki a gida. Sai ta zama mai jiran gida. Malamar makaranta a Makarfi za ta tafi ƙaro karatu Zariya, a kira Radiyya. Matar ɗan kawunta a Taba ta tafi wankan jego gidan iyayenta, mijin yana kudu wajen cin rani, ga tumaki ga kaji, a kira Radiyya. Ta saba da gadon wasu, da tukunyar wasu, da ƙofar da sai an ɗan ɗaga ta sama kafin ta rufu. Kayanta duka jakar bakko ɗaya ce, sai makullan mutane da take ƙullewa a haɓar zane.

Wayar, Jannat ce ta saya mata don su riƙa ganin juna in suna magana. Kuskuren da yarinyar ta yi shi ne da ta nuna mata wurin da ake danna hoto. Tun daga ranar Radiyya ba ta sake kallon duniya da ido kawai ba. A Makarfi ta ɗauki masu dafa mazarƙwaila, hayaƙi ya rufe su, ba ka ganin komai sai hannun mutum ɗaya riƙe da ludayi. A hanyar Gazara, daga tagar mota, ta ɗauki wata mata a bayan acaɓa ta rungume akuya, ita da akuyar duk sun juya suna kallon gefe ɗaya. A Taba ta ɗauki shanyar tumatir, fili guda ya yi ja wur, ga wata tsohuwar kaza tana takawa a tsakiya da ƙasaita kamar ita ta noma shi. Ba ta sayar da su, ba wanda ya sa ta. Takan ɗora ɗaya a sitatus in ya yi mata daɗi, sauran kuma ta zauna da yamma ta yi ta kallon abinta.

Matsalar ita ce a wajenmu kowa ya san hoto sai da shiri. Ranar Salla ake yin sa, ko biki, ko suna. Mutum ya yi wanka ya shafa mai, mace ta ɗaura kallabin da ta fi ji da shi, a tsaya ƙiƙam, a rufe baki, a zaro ido kamar an zo yankar katin zaɓe. Wanda ya ɗauke ka kana cikin aiki da tsohon zane, ba hoto ya yi maka ba, asirinka ya tona. Don haka da mata sun hango Radiyya ta ɗaga waya sai ka ji ihu:

"Ke, tsaya in canza zane!"

"In kin canza zane ai ba ke ba ce," in ji ta, ta danna abinta ta wuce.

Ana cikin haka lokacin aikin Hajji ya zo, ya faɗo daidai farkon damina, sai yayanta Alhaji Muktar ya kira ta Ikara. Ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa. Shi ne babban gidan yanzu, dillalin barkono da taki, mutumin da in ya yi tari a taron dangi sai a yi shiru a ji ko magana ce za ta biyo baya. Zai tafi da matarsa Hajiya Mukarrama, yaran kuma an kai su wajen kakanninsu a Paki, ana neman mai riƙe gida.

Gidan kuwa gida ne. A filin gidan ubansu ya gina shi, ya rushe tsofaffin ɗakunan duka, ya zuba tayil tun daga ƙasa har bangon waje, ga sola, ga tankin ruwa, ga firji mai ƙofa biyu. Ɗaki ɗaya ne kawai ya gagare shi, can baya kusa da bishiyar darbejiya: zagayayyen ɗakin ƙasa mai jinka, na Gwaggo Gambo, ƙanwar mahaifinsu. A ɗakin aka haife ta, da aure ya ƙare ta dawo cikinsa, kuma shi ne rabonta na gado, don haka babu mai iya taɓa shi sai da yawunta. A faɗi gaskiya, Alhaji bai yi mata rowa ba. Ya gina mata ɗaki mai banɗaki a ciki, ya sa fanka, ya sa katifa. Ta shiga sau ɗaya, santsin tayil ya kusa kayar da ita, ta fito tana cewa ita ba za ta kwana a cikin faranti ba. Daga nan ko lallashi ko faɗa ba su yi aiki ba.

Abu ɗaya take yarda da shi, shi ma don a ƙyale ta ne. Duk Salla Hajiya Mukarrama takan kai mata leshi, ta shafe mata fuska da hoda, ta kafa mata gwaggwaro, a zaunar da ita a tsakiyar kujerar falo, iyali su kewaye ta, Sagiru mai hoto ya ɗauka. Ana wanko shi a rataye a bango don baƙi su gani. Gwaggo ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba. In an nuna mata sai ta kau da kai ta ce, "Wata Hajiya ce, ban san ta ba."

Ranar tafiya Alhaji ya miƙa wa Radiyya makullai, ya nuna mata yadda ake kunna famfon tanki, sannan ya ƙara da cewa, "Wayar nan taki kuma ki bar ta a jaka. Gidana ba kasuwar Makarfi ba ce."

"Allah ya kai ku lafiya, Yaya," in ji ta. Ba ta ce to ba, shi kuma bai lura ba.

Gwaggo ma ta yi mata nata kashedin tun ranar farko, da sanda a hannu. "Na ji labarinki. Kika kuskura kika nuna ni da abin nan ban shirya ba, sai na fasa shi a kanki." Radiyya ba ta tsoron mutane da yawa, amma tana tsoron Gwaggo, don tsohuwar ba ta faɗin abin da ba za ta aikata ba.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta ɗauki inuwar darbejiya a kan tayil, ta ɗauki tantabaru a kan tanki, ta ɗauki masu kai shanun huɗa gona suna wucewa ta ƙofar gida. Amma wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, ta fito za ta kunna famfo, sai ta hango Gwaggo zaune a dokin ƙofarta tana ɓarar gyaɗar iri. Tsohon zane ne shuɗi da ya koɗe ta yi ɗaurin ƙirji da shi, kallabin ya zame, furfura ta fito fara fat. Ta miƙe ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ɗaya, faifai a cinya, kai ya ɗan karkata gefe, leɓen ƙasa ya turo saboda ƙwazon aiki. Rana ta ɓullo ta gefen jinka ta sauka a hannayenta kaɗai. Radiyya ta lalubo wayarta. Kafin ta gama tuna sanda da kashedi, ta riga ta laɓe a bayan tanki ta danna.

Da ta koma ciki ta duba, ta san ba ta taɓa ɗaukar irinsa ba. Ba ta nuna wa Gwaggo ba, don tana son wayarta, tana kuma son kanta. Amma abin ya fi ƙarfin ta riƙe ita kaɗai, sai da rana ta ɗora shi a sitatus ba tare da ta rubuta komai a ƙasa ba. Abin da ba ta kula da shi ba shi ne, a bayan jinkar Gwaggo, can gefen hoton, bangon sabon gida ya leƙo, tayil ɗinsa yana ƙyalli.

Washegari da yamma waya ta yi ƙara, lambar Makka.

"Salamu alaikum, Yaya. Ya ibada? Ya zafin rana? Ya Hajiya? Allah ya sa karɓaɓɓiya ce."

Bai amsa gaisuwar ba, wanda a wajen Alhaji Muktar hakan ya fi zagi ciwo.

"Ke Radiyya, me na yi miki? Muna zaune a masauki, mutanen Ikara da na Kudan cike da ɗaki, wani ya miƙo mini waya, wai Alhaji, wannan ba gwaggonka ba ce? Ga tsohuwa a ƙasa da tsumma, ga bangon gidana a bayanta. Kin san abin da za a ce? Za a ce Muktar ya zo Makka karo na biyu ya bar ƙanwar ubansa a kango. Ni da na gina mata ɗaki da hannuna!"

"Wallahi ban yi don haka ba, Yaya. Kyau ta yi mini."

"Kyau? Ki cire shi yanzu."

"Ai ya sauka da kansa, sitatus kwana ɗaya yake yi."

"Daga wayar nake nufi. Ki goge shi gaba ɗaya, kar ya sake fitowa ko'ina."

Radiyya ta ji tausayinsa, don ta san abin ya yi masa zafi da gaske, kuma ta san bai cancanci a yi masa wannan zato ba. Ta buɗe baki za ta ce to, sai ta ji bakin ya ce, "Ba zan sake ɗora shi ba, Yaya, na yi maka alkawari. Amma gogewa kam, a'a."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a."

"To shi ke nan. In na dawo, ko ki goge shi a gabana, ko ki ajiye mini makullaina. Kuma ki sani, in na ce kar a sake ba ki gida a danginmu, ba mai ba ki. Ki je ki kwana a cikin wayar."

Bai kai ga dawowa ba ma maganar ta riga shi isowa. Ɗan kawunta na Taba, wanda ya ce mata ta shirya bayan Salla za ta koma yi masa jiran gida, ya aiko cewa ya samu wata. Wata ƙanwar mahaifiyarta ta kira ta yi mata nasiha mai tsawo a kan girman na gaba. Ita ma Jannat ta kira daga Kano.

"Umma, don Allah ki goge. Hoto ne fa kawai. In Baba Alhaji ya kore ki, ina za ki zauna?"

"Ƙasar Allah da faɗi."

"Umma, damina ce fa."

Wannan ta shige ta. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin na macen da ta haura arba'in ba ta da ko bukkar da za ta ce tata ce. Da ta idar da sallar la'asar ta zauna a falon Alhaji, fanka na kaɗawa, ta buɗe hoton, ta kai yatsa kan wurin gogewa. Dannawa ɗaya ce, komai ya koma yadda yake: katifa, firji, wutar caji, da gidajen da za a ci gaba da kiranta. Ta daɗe a haka. Sai wani abu ya taso mata daga ciki, ba ta san tana da shi ba. Tun da mijinta ya rasu, gadon da take kwana na wani ne, cokalin da take ci da shi na wani ne, ƙofar da take rufewa ta wani ce, in an dawo ta miƙa makulli ta yi godiya. Abin da idonta ya gani ya zaɓa, shi kaɗai ne nata a duniyar nan. Shi ma yanzu an ce ta miƙa. Ta janye yatsanta, ta kife wayar, ta tashi ta hau share gidan kamar da shi suke faɗa.

Ranar da alhazai suka sauka gida ya cika. Maza a zaure, mata a falo, ana ta sannu da zuwa, ana miƙa dabino da ɗan kofin zamzam, yara na leƙen haƙorin Makka na Hajiya Mukarrama. Radiyya ce ta yi girki, ita ta yi ta kai da kawo da faranti, Alhaji bai ko dube ta ba. Sai da la'asar ta yi sanyi, baƙi suka ragu, aka kira Sagiru mai hoto don a yi na iyali, Hajiya ta aika wa Gwaggo leshi. A nan ne Alhaji ya fito tsakar gida ya tsaya, sabuwar jallabiya fara sol, ya ce, "Radiyya."

Ta zo ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Yaya. Allah ya maimaita."

"Amin. Wayar ko makullan?"

Ta riga ta haɗa jakarta tun da safe, tana jingine a bayan ƙofar kicin. Ta kwance haɓar zane, ta ciro makullan, ta tashi ta ɗora su a kan turmin da ke kife a gefensa.

"Ga su. Na babbar ƙofa yana ɗan cijewa, sai an sa masa mai."

Hajiya Mukarrama ta dafe ƙirji. Sagiru ya sunkuyar da kai yana goge gilashin kyamararsa da ba ta da datti. Alhaji kuwa bai zaci haka ba. Ya shirya wa kuka da ban haƙuri, bai shirya wa makullai a kan turmi ba. Sai ya canza hanya.

"Taurin kai ke nan. To bari in tambaye ki, ke mai gaskiya. Ita mai hoton, kin tambaye ta? Tsohuwa tana zaune da ɗaurin ƙirji, kanta a buɗe, kin laɓe kin ɗauke ta kin nuna wa duniya. Ki bar maganata. Ita fa?"

Wannan karon ya same ta a inda ya dace, ita ma ta sani. Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga ido. Ta ce, "Wannan gaskiya ka faɗa, Yaya. Hoton nata ne kafin ya zama nawa. Mu je wajenta. In ta ce in goge, zan goge a gabanka, kuma makullanka suna nan a inda na ajiye su. Amma ita za ta ce, ba kai ba."

Alhaji ya yi murmushi, don kowa ya san ra'ayin Gwaggo a kan hoton da ba shiri. Radiyya ma ta sani. Tana tafe zuwa ɗakin Gwaggo, ta tabbata ta yi asarar gida, yanzu kuma za ta yi asarar hoton.

Suka tarar da Gwaggo a dokin ƙofarta tana tauna dabinon tsaraba da sauran haƙoranta, leshin yana ninke a gefe ko taɓa shi ba ta yi ba. Alhaji ya tsuguna ya yi mata bayani dalla-dalla, bai rage komai ba, har da mutanen Kudan da ke masauki. Tsohuwa ta saurara, ta tofar da ƙwallon dabino, ta jawo sandarta kusa.

"Ke, 'yar nan. Ashe sai da kika yi? Mara kunya, mai idon tsiya. Ban ce miki zan fasa shi a kanki ba?"

"Kin ce, Gwaggo. Ki yafe ni."

"Kawo in ga abin da kika nuna wa Larabawa."

Radiyya ta buɗe hoton ta miƙa mata da hannu biyu. Gwaggo ta karɓa kamar an ba ta garwashi, ta nisanta shi, ta matso da shi, ta kare hasken rana da tafin hannu. Aka jira ta ɗaga sanda. Ba ta ɗaga ba. Bakinta ya daina motsi. Ta daɗe tana kallo har Hajiya ta fara gyara tsayuwa.

"Wannan ai Iya ce," in ji ta, da wata murya da ba su san ta da ita ba.

"Ke ce, Gwaggo," in ji Hajiya Mukarrama a hankali. "Ke ce aka ɗauka."

"Na san ni ce, ba hauka nake ba. Amma Iya ce. Ku dubi ƙafar nan da ta lanƙwashe. Ku dubi leɓen. Haka take zama, a nan, a bakin ƙofar nan, in za a yi shuka." Ta kai yatsa ta shafi fuskar da ke cikin wayar. "Ta rasu ba a taɓa yi mata hoto ba. Shekara da shekaru ina neman fuskarta a raina, sai in ga zanenta, in ga bayanta tana daka, in ta juyo sai fuskar ta ƙi zuwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don wa zai ji an ce mutum ya manta fuskar uwarsa? Ni kuma rabona da madubi tun ina da haƙora. Ashe tana nan tare da ni. Ku ne kuke ta shafe mini ita da hoda kuna kafa mata gwaggwaro."

Hawaye ya bi tamojin fuskarta, ba ta share ba. Ita dai Radiyya kyau ta gani a safiyar nan, ba ta san abin da ta ɗauko ba.

"Muntari," in ji Gwaggo. Ita kaɗai ke kiransa haka. "Matso ka ga wadda ta goye ka."

Alhaji ya matso a tsugune, jallabiyarsa na jan ƙasa. Ya leƙa. A Makka bango ya kalla, da tsumma, da idon mutanen da ke ɗakin. Yanzu ya kalli fuskar. Yana ɗan yaro lokacin da kakar tasu ta rasu, amma Radiyya ta ga a idonsa ya gane ta. Ya yi ta kallo, sannan ya ce, kamar mai neman wurin dafawa, "Amma Gwaggo, bangon ƙasar nan... mutane..."

"Bangon ubana ne ya ɗora shi da hannunsa. Wanda bai yi masa ba ya rufe idonsa." Ta juya ga Radiyya, ta nuna ta da wayar. "Ke kuma, kika kuskura kika goge mini uwata, a lokacin ne za ki ga fasa kai. Gobe ki kai a wanko mini shi, babba."

Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Bai ce ya janye maganarsa ba, don ba a san shi da janye magana ba, kuma bai sake cewa a goge ba. Ya juya ya nufi cikin gida, ya wuce turmin, ya ga makullan, ya bar su a wurin. Sagiru ya bi bayansa sum-sum da kyamara a wuya. Ranar dai ba a yi hoton falo ba.

Hajiya Mukarrama ta je ta ɗauko makullan ta dawo da su, ta rage murya. "Karɓi abinki, Radiyya. Tunda ya bar su, ai kin gane. Ki shiga ki ba shi haƙuri kawai, komai ya wuce."

Radiyya ta dubi makullan. Ta san abin da ke cikinsu: katifa, da fanka, da rufin da ba ya yoyo. Ta kuma san haƙurin da za ta bayar, da wanda za ta sake bayarwa in an sake cewa ta goge wani.

"Ba nawa ba ne, Hajiya. Na gode. Ki sa wa na babbar ƙofa mai."

Ta je bayan kicin ta ɗauko jakar bakkonta, ta rataya. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, ba ta san ko za ta samu motar Makarfi ba, ba ta ma san ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa in ta isa ba. Ta dawo ta durƙusa gaban Gwaggo ta miƙa hannu a ba ta wayarta.

Gwaggo ta ƙanƙame wayar a ƙirji. "Ina za ki kai mini ita?"

"Tafiya zan yi, Gwaggo."

"Tafiyar ina da hadarin nan? Shiga da jakar nan ciki. Ɗakina ba shi da makulli, balle wani ya ce ki ajiye masa. Yana ɗan zuba ta yamma, sai ki kwanta ta gabas. Wuta kuma babu, ke kika san inda za ki riƙa ba abin nan abincinsa."

Radiyya ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ɗaga asabari ta tura jakar ciki. Ɗakin na ƙamshin hayaƙi da daddawa da tsohuwar ƙasa. Ba ta gama miƙewa ba ta ji salati a bayanta. Ta fito da sauri ta ga Gwaggo tana jijjiga wayar, ido a waje, gilashin ya yi baƙi ƙirin.

"Ta tafi! 'Yar nan, ta sake tafiya!"

Radiyya ta zauna kusa da ita a dokin ƙofar, ta kama busasshen yatsanta ta ɗora a gefen wayar.

"Ba ta tafi ba, Gwaggo. Danna nan."

Tsohuwa ta danna, fuskar ta dawo.